Taga ta fi fenti

1. Abin da mutum ya fi sha

Mutum yana iya kwana da yunwa. Yana iya wuni da ƙishirwa, kamar yadda masu azumi ke yi. Amma in aka hana shi iska na 'yan mintoci kaɗan, sai dai wani ba shi ba.

Babban mutum, in yana zaune ba ya aikin ƙarfi, yakan ja numfashi kamar sau 15 cikin minti ɗaya. Kowane ja yana shigar da kusan rabin lita na iska cikin huhunsa. Lita 7 da rabi ke nan a minti, lita 450 a awa, lita 10.800 a kwana da wuni. Duro guda yana cin lita 200. Ashe iskar da mutum ke shaƙa daga safiyar yau zuwa safiyar gobe za ta cika duro 54. Ruwan da yake sha kuwa 'yan litoci ne kawai.

Duk da haka, mutane sun fi kula da ruwa da abinci. Uwar gida takan tace ruwa kafin ta zuba a randa. Mai sayen nama yakan duba shi, ya juya shi, ya sansana. Iska kuwa ba mai duba ta, don ba a ganin ta, kuma ba a sayen ta da kuɗi.

Ma'aikacin da ke zama awa 8 cikin ofis yana shaƙar lita 3600 ta iskar wannan ɗaki a kowace rana. Ɗalibi ma haka yake cikin aji. Ba su suka gina ɗakin ba, ba su suka zaɓi fentinsa ba, amma huhunsu ne ke karɓar duk abin da ke cikinsa. Saboda haka, wanda zai gina ofis ko aji ya kamata ya fara tunanin iska kafin ya yi tunanin ado. Ɗaki mai tagogi, ko babu fenti, ya fi ɗaki mai ƙyalli wanda iska ba ta ratsa shi.

2. Sababbin gine-gine a Matamaye

Garin Matamaye shi ne mazaunin hukumar gundumar Kance, cikin jihar Damagaram. Don haka garin yana da ofisoshi da yawa, waɗanda mutane suka fi sani da sunan biro: na mulki, na gidan gona, na lafiya, na makarantu. Kullum jama'a na zuwa daga Tsauni, da Yawuri, da Kurni, da Dungu, da sauran garuruwa, wani neman takardar haihuwa, wani neman magani, wani kan maganar gona.

Babbar hanyar da ta taso daga Takeita ta ratsa Kance da Matamaye, ta nufi Ɗan Barto a kan iyakar Najeriya, daga nan ta miƙe Daura da Kano. A kan wannan hanya motoci ke kawo kayan gini iri-iri: kwano, da siminti, da fenti, da gam, da falankin silin, da ledar shimfiɗa a ƙasa, da kujeru, da kabad.

A dā, duk abin da magini ke bukata yana kusa da shi. Ƙasa ana haƙo ta a bayan gari, a kwaɓa ta da ciyawa, a yi tubali. Azara daga giginya take. Makuba daga ɓawon ɗorawa ake samun ta. Magini ya san asalin kowane abu da ya taɓa da hannunsa. Yau kuwa yana buɗe gwangwanin da aka cika a wata ƙasa mai nisa, bai san abin da aka haɗa a ciki ba. Mai ginin ma bai sani ba.

In an gama sabon ofis, aka buɗe ƙofa, sai wani wari mai ƙarfi ya tari mutum. Da yawa suna jin daɗinsa, suna cewa ƙamshin sabon abu ne. Wasu ma suna ɗaukar sa alamar tsabta. Wannan kuskure ne. Hanci ba ya jin warin abu sai in wani ɓangare na abin ya tashi, ya shiga iska, ya iso cikin hancin. Wanda ya ji warin fenti, to ya riga ya shaƙi abin da ke cikin fentin. Kyan sabon ɗaki irin wannan, kyan ɗan maciji ne.

3. Daga ina warin ke fitowa?

In aka bar fetur cikin kwano a buɗe, kafin a jima sai a tarar ya ragu, ko da bai zuba ba. Ya zama tururi ne ya bi iska. Akwai abubuwa da yawa masu irin wannan hali, kuma masana'antu suna amfani da su wajen yin kayan gini.

Na farko shi ne fentin mai. Ana haɗa shi da wani ruwa mai kama da kananzir domin ya yi laushin shafawa. In an shafa shi a bango, ruwan nan yana tashi, launin ya tsaya. Abin da ake kira bushewar fenti ke nan. Mafi yawan tururin yana fita cikin kwanakin farko, sauran kuwa yana ci gaba da fita kaɗan-kaɗan har makonni. Man da kafinta ke shafa ma tebur don ya yi sheƙi, da gam ɗin da ake manna leda da shi, duk haka suke. Wasu masu aikin suna tsinka fenti da fetur don ya yi auki. A cikin fetur kuwa akwai wani abu mai suna benzen, wanda likitoci suka tabbatar yana jawo sankarar jini.

Na biyu shi ne katakon masana'anta. Falankin silin ba daga gungumen itace guda aka yanko shi ba. Siraran katako ne aka jera, aka manne su da gam. Akwai kuma wani iri wanda garin katako ne zalla, aka kwaɓa shi da gam, aka danne shi ya zama allo. Da shi ake yin yawancin tebura da kabad masu araha. Gam ɗin nan yana sakin wani tururi mai suna formaldehid. In an narkar da formaldehid cikin ruwa ana ce masa formol, wanda ake amfani da shi a asibiti domin hana nama ruɓewa. Fenti yakan huce cikin makonni, amma katakon nan yana iya yin watanni, har ma shekaru, yana sakin tururinsa.

Formaldehid yana sa ido yaji da hawaye. Yana sa ƙaiƙayin maƙogwaro, da atishawa, da tari. Mai ciwon fuka ya fi kowa wahala da shi. A shekarar 2004, cibiyar binciken ciwon sankara da ke birnin Liyon, a ƙasar Faransa, ta sa shi cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ma ɗan Adam sankara. A shekarar 2010 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yanke masa iyaka: kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma na miligiram a cikin kowace lita 1000 ta iskar ɗaki.

Ga lissafin da zai nuna ƙanƙantar wannan iyaka. Ofis mai tsawon mita 4, faɗin mita 4, tsayin mita 3, yana cin lita 48.000 ta iska. Formaldehid ɗin da aka yarda ya kasance cikin ɗakin nan duka bai kai miligiram 5 ba. Ƙwayar dawa guda ɗaya ta fi shi nauyi nesa ba kusa ba. Abin da bai kai nauyin ƙwayar dawa ba ya isa ya ɓata iskar ɗaki sukutum.

Akwai wani abu da ya shafi ƙasar Damagaram musamman, watau zafi. Kowa ya san wanki ya fi saurin bushewa da rana bisa ga inuwa. Haka zafi ke ƙara ma fenti da gam saurin sakin tururi. A watan Afrilu da na Mayu, zafi yakan wuce digiri 40. Kwano kuwa yana ɗaukar zafi fiye da haka, ga shi falankin silin yana ƙarƙashinsa daf da shi. Kamar an aza falankin ne bisa murhu. In damina ta faɗi, laima ita ma tana ƙara ma gam ɗin saki. Saboda haka falankin da ba ya damun kowa a ƙasa mai sanyi yana iya damun mutane a nan.

4. Abin da ya faru a wasu ƙasashe

Turawa ma sai da suka ji a jikinsu kafin su gane. A shekarar 1973 man fetur ya yi tsada ƙwarai a duniya. Ƙasashen Turai da Amurka suna kashe mai da yawa wajen ɗumama ɗakuna lokacin sanyi. Don su rage asara, sai suka shiga toshe duk wata kafa da iska ke bi, suka gina manyan ofisoshi masu tagogin gilashi waɗanda ba a buɗe su. Ba a daɗe ba ma'aikata suka fara kukan ciwon kai, da yajin ido, da kasala. Abin mamaki, in sun tashi daga aiki sun fita waje, sai su ji sauƙi. In sun koma, ciwon ya dawo. A shekarar 1984 wani kwamiti na Hukumar Lafiya ta Duniya ya ƙiyasta cewa cikin sababbin gine-gine da waɗanda aka sabunta, har 30 cikin 100 suna iya zama masu irin wannan matsala. Sai aka riƙa cewa ginin ne ba shi da lafiya.

A birnin Washinton na Amurka akwai babbar hukuma mai kula da tsabtar iska da ruwa ta ƙasar. A shekarun 1987 da 1988 aka shimfiɗa sabon kafet cikin ofisoshinta. Ma'aikata da yawa suka kamu da rashin lafiya, suka ce kafet ɗin ne. Aka yi ta gardama, daga baya aka ciccire shi daga wasu ofisoshin. In masu tsaron iskar ƙasa guda ba su tsira cikin ofishinsu ba, to ba wanda zai ce ya fi ƙarfin abin.

A shekarar 2005 kuma, wata babbar guguwa da aka sa ma suna Katrina ta rushe gidaje masu yawa a kudancin Amurka. Gwamnati ta raba ma mutane ƙananan ɗakuna masu taya, waɗanda aka yi cikinsu da katakon masana'anta. Mazauna ɗakunan, musamman yara, suka yi ta fama da tari da haɓo. Da aka auna iskar ɗakuna 519, sai aka tarar formaldehid ɗin da ke cikinsu ya ninka na gidajen yau da kullum kusan sau biyar. A farkon shekarar 2008 hukumar lafiya ta ce a gaggauta fitar da mutane kafin lokacin zafi ya zo, domin zafi zai ƙara yawan tururin. Zafin da suka ji tsoro kuwa bai kai bazarar Matamaye ba.

Saboda irin waɗannan abubuwa, ƙasar Faransa ta yi doka. Tun daga shekarar 2012 ake manna wata alama a jikin fenti, da gam, da falanki, da sauran kayan cikin ɗaki. Alamar tana da matakai huɗu: A+, da A, da B, da C. Mai A+ shi ne mafi ƙarancin tururi, mai C shi ne mafi yawa. Mai saye yana duba harafin, ya san abin da zai kai gidansa.

5. Waɗanda ba su da wari

Ba kowace cuta ce hanci ke ji ba. Akwai fentin da ake zuba ma dalma domin launinsa ya yi haske, ya kuma yi saurin bushewa. Dalma ba ta tashi kamar fetur. Amma in fentin ya tsufa, ya fara ɓarewa, sai ya zama ƙura, a shaƙe ta ko a ci ta cikin abinci. Ta fi cutar da yara ƙanana, don tana taɓa ƙwaƙwalwa, ta rage ma yaro fahimta, kuma abin da ta ɓata ba ya gyaruwa. Tun a shekarar 1921 aka yi wata yarjejeniya a birnin Janeba domin hana shafa farin fentin dalma a cikin ɗakuna. Ƙasar Hausa ta ga ƙarfin wannan guba a shekarar 2010, lokacin da yara fiye da 400 suka mutu a jihar Zamfara. Can, ba daga fenti dalmar ta fito ba, daga duwatsun zinariya ne da ake daka su cikin gidaje. Amma dalma duk ɗaya ce, ko daga dutse ko daga gwangwani.

Akwai kuma wasu tsofaffin allunan rufi da na silin, masu launin toka, waɗanda aka haɗa da siminti da wani zare na dutse mai suna asbesto. In suna nan lafiya ba a taɓa su ba, haɗarinsu kaɗan ne. In aka fasa su, ko aka yanka su da zarto, sai zaren ya tashi, ya shiga huhu ya zauna, ciwon ya fito bayan shekaru masu yawa. Faransa ta hana amfani da asbesto a shekarar 1997. Lebura mai rushe tsohon gini ya kamata a gaya masa wannan, a jiƙa allunan da ruwa, a cire su ɗungum ba tare da an farfasa su ba.

6. Masu wata magana

Ba kowa ne ya yarda da wannan ra'ayi ba, kuma masu musu suna da hujjojinsu.

Wasu suna cewa: «In an buɗe taga, ƙura za ta shigo. Lokacin hunturu takardu da injuna duk sai su lalace.» Gaskiya ne, ƙurar hunturu ba ta da daɗi, kuma ita ma tana cutar da huhu. Amma hunturu ba shekara ba ne, kuma ko cikinsa ba kullum ake hazo ba. Ana iya rufe tagar da ke fuskantar gabas da arewa, inda iskar ke fitowa, a buɗe ta ɗaya gefen. Ana iya buɗe ɗaki da sassafe, kafin iska ta taso. Ƙurar da ta sauka bisa tebur, tsumma mai laima yana ɗauke ta. Tururin da ya shiga huhu kuwa ba tsumman da zai kai gare shi.

Wasu suna cewa: «Akwai fanka, akwai injin sanyaya ɗaki.» Fanka ba ta kawo sabuwar iska, wadda ke ciki take juyawa. Ƙaramin injin sanyi irin na bango shi ma yawanci iskar ɗakin yake ja, ya sanyaya ta, ya mayar. Wanda ya sa ruwan kududdufi cikin randa zai sha ruwan sanyi, amma dai ruwan kududdufi ne. Ga shi kuma don injin ya yi aiki sai an rufe ƙofa da taga ruf. In wuta ta ɗauke, ɗakin ya zama tanda.

Wasu suna cewa: «Fenti mai kyau yana da tsada, kuɗin gini kuwa ba su da yawa.» Wannan ma gaskiya ne. Amma buɗe taga ba ya cin ko dala. Barin sabon ɗaki ya sha iska kafin a shiga, haƙuri kawai yake ci. Farar ƙasa ta fi fentin mai araha, kuma ba ta da tururin fetur. Sa'an nan a lissafa kuɗin maganin ciwon kai, da ranakun da ma'aikaci bai zo aiki ba. Araha ba ta ado, in ji masu magana.

Wasu kuma suna cewa: «Wa aka taɓa ji warin fenti ya kashe?» Cutar da ke tafiya sannu ba ta yin shela. Magatakardan da kansa ke sarawa kullum da la'asar yakan ce zazzaɓin sauro ne, ko gajiya. Wani ma ya ce ofishin na da iskoki. Lalle maganar iska ce, amma ba irin wadda yake nufi ba. Kuma ba shi kaɗai ke asara ba. In idonsa na yaji, yana iya rubuta suna ba daidai ba cikin takardar haihuwa, yaro ya zo jarrabawa ya tarar da matsala. In ya tashi da wuri don ciwo, manomin da ya baro gonarsa tun asuba ya koma gida hannu rabbana. Lafiyar mai ofis, lafiyar aikin jama'a ce.

7. Kada a raina ƙasa

Magina na dā ba su san sunan formaldehid ba, amma sun san zafi da iska. Bangon soro yana da kauri. Zafin rana yana daɗewa kafin ya ratsa shi, don haka ɗakin yana da sanyi da rana, yana da ɗumi da dare lokacin ɗari. Zaure yana da ƙofa biyu, iska na shiga ta nan ta fita ta can. Yaɓen makuba, da laso wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima, da daɓen tsakar ɗaki, duk ba su da man masana'anta. Fadar Sarkin Damagaram, wadda aka gina da ƙasa tun ƙarni na 19, tana nan tsaye.

Ginin ƙasa ba abin kunya ba ne. A garin Yama, cikin jihar Tawa, magini Falke Barmu ya fara gina babban masallaci da ƙasa a shekarar 1962, kuma a 1986 ginin ya sami babbar kyautar Aga Khan ta duniya. A garin Dandaji, a shekarar 2018, masu zanen gini Mariyam Kamara da Yasaman Esmaili sun kammala sabon masallaci da tubalin ƙasa da aka matse da inji, suka mai da tsohon masallacin ɗakin karatu. Mutane na zuwa daga nesa don su gani.

Amma kada a ce duk abin dā shi ne mai kyau. Soro yana son yaɓe kowace shekara. Gara tana cin azara, giginya kuma ta yi ƙaranci. Wasu ɗakunan dā tagoginsu ƙanana ne ƙwarai, kuma hayaƙin itace cikin rufaffen ɗaki ya fi fenti kisa: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida, musamman hayaƙin girki, ta kashe mutum fiye da miliyan 3 a shekarar 2020. Siminti kuwa, in ya bushe, ba shi da tururi mai yawa. Laifin ba na siminti ba ne. Laifin na haɗin ne: kwano mai zafi a sama, falanki mai gam a ƙarƙashinsa, fentin mai a bango, leda a ƙasa, sa'an nan a rufe taga. Hikima ita ce a ɗauki mai kyau na dā, a haɗa da mai kyau na yanzu.

8. Tun ran gini, tun ran zane

Hakkin farko yana kan wanda ya ba da aikin gini, ko hukuma ce, ko ƙungiya, ko ɗan kasuwa. Shi ya kamata ya ce a yi ma kowane ɗaki taga biyu masu kallon juna, da ƙananan kafofi can sama kusa da rufi, inda iska mai zafi ke taruwa. A bar hanyar iska tsakanin kwano da silin. A dasa itatuwa gefen gini domin inuwa. Tagar da ba a yi ba ran gini, fasa bango take sawa daga baya.

Hakki na biyu yana kan mai sayen kaya. A cikin ɗaki, farar ƙasa ko fentin ruwa sun fi fentin mai. In akwai rubutu a jikin gwangwani, a karanta shi, a nemi wanda aka rubuta ba shi da dalma. Teburin ƙarfe ko na katakon gaske, wanda maƙeri ko kafintan gari ya yi, ya fi na garin katako, kuma kuɗinsa a gari suke tsayawa.

Hakki na uku yana kan shugaban ma'aikata ko na makaranta. In an yi sabon fenti, kada a shiga washegari don ana son bikin buɗewa. A bar ƙofofi da tagogi a buɗe har wari ya tafi. Sauri ya haifi nawa. Fentin aji, a yi shi farkon babban hutu, kada a bari sai ana gobe komawa. Sabon kabad, a ajiye shi 'yan kwanaki a inuwa inda iska ke kaɗawa. Kada a ajiye fetur, ko babur, ko ragowar fenti, ko maganin ƙwari cikin ɗakin da mutane ke zama. Kada a sha taba a ciki, don hayaƙinta ma yana ɗauke da formaldehid da benzen. Mai shafa fenti kuma, shi da ya fi kowa shaƙa, ya yi aikinsa ƙofa a buɗe, ya riƙa fita yana shan iska.

Ɗalibai ma suna da nasu aiki. Wanda ya fara isowa aji da safe ya buɗe tagogi. Mai shara ya yayyafa ruwa kafin ya sa tsintsiya. Wanda ya ga idonsa na yaji cikin aji, amma in ya fita sai ya daina, ya gaya ma malam. Ɗalibin da ya iya karatu cikin harshe biyu yana iya karanta ma mahaifinsa abin da aka rubuta a jikin gwangwanin fenti, ya fassara masa da Hausa. Cikin masu zaune a aji yau akwai magina, da kafintoci, da likitoci, da shugabannin ofisoshin gobe. Ran da aka kawo ma ɗayansu zanen sabon gini don ya sa hannu, kafin ya tambayi launin bango, ya fara ƙirga tagogi.

Tambayoyi

1. Lita nawa ta iska babban mutum ke shaƙa cikin awa 6?
2. Me ya sa falankin silin ya fi sakin tururi lokacin bazara?
3. Wace alama ce ke nuna cewa ciwon kan ma'aikaci daga iskar ofis yake?
4. Me ya sa fanka ba ta iya maye gurbin taga?
5. Mene ne ma'anar «tun ran gini, tun ran zane»?

Aiki

A auna tsawon aji, da faɗinsa, da tsayinsa. A lissafa lita nawa ta iska yake ci, a raba da yawan ɗalibai. A ƙirga tagoginsa, a duba ko suna kallon juna. Sa'an nan a tambayi wani tsohon magini na unguwa yadda ake haɗa makuba, a rubuta abin da ya faɗa.